Layin da Ba Ya Goguwa

Lenora Hoekstra na fiƙe fensir a bakin kwandon shara sai wani sabon ma'aikaci ya zo ya tsaya a kanta.

"Ashe har yanzu ana amfani da wannan?" ya ce yana murmushi.

"Ana yi. Matsa, ka tare mini haske."

Sunansa Emmett Galindo, daga garin Tucson mai zafi kamfanin kujerun da Lenora ke wa aiki ya ɗauko shi zuwa Grand Rapids. A ɗakin zane kowa kan allon kwamfuta yake aiki, kunnuwa a toshe. Lenora kaɗai ta rage da takarda, shi ya sa aka tura ta lungun taga, can take cin abincin rana ita ɗaya. Emmett bai san kowa a garin ba, ga sanyi ya sa shi gaba. Sai ya fara jawo kujerarsa lungun, wai hasken wurin ya fi kyau. Mutumin da allonsa ke da nasa haske fa! Lenora ta gane sarai, ta ci gaba da zanenta.

Da yamma saƙonsa kan shigo: "'Yar fensirina, kin isa gida? Ɗakin nan ya yi mini faɗi. Ki ce wani abu."

Ta amsa: "Na iso, Mai allo. Ina yi wa Baba miya. Ka sa safa biyu."

A haka har suka fara maganar aure. Mahaifinta Gerrit ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zanen kujeru da hannu, har kwamfuta ta shigo aka sallame shi. Tun rasuwar matarsa, daga shi sai Lenora a gidan.

Wata rana ta zana kujera mai lilo da za a nuna wa masu saye. Emmett, wai zai kyauta mata, ya shigar da zanen a kwamfuta, ya share duk siraran layukan da hannunta ya bi yana laluben siffar kujerar. Ya kawo mata shi fes, yana washe baki.

"Ina layukana?"

"Dattin kawai na cire miki."

"Datti," ta maimaita a hankali.

A gida ta kasa ɓoye hawayenta. Gerrit ya jera zanen biyu a tebur ya daɗe yana kallo.

"Wanda ya goge hannunki daga takarda shi kike maganar aure da shi? Ba da yawuna ba."

Da maganar ta kai kunnen Emmett, sai ya mayar da kujerarsa inda take a da. Lungun taga ya koma shiru, har ya fi na da ciwo, don yanzu ta san daɗin hira a wurin. Tana son sa, ba ta musun wannan, amma ba za ta yi aure ba sai Baba ya sa albarka.

Dusar ƙanƙara ta fara narkewa kafin ya yi ƙarfin halin rubuto mata: "Lenora, na yi wauta. Na ɗauka kuskure nake sharewa, ashe tunaninki ne. Ki bar ni in zo gaban Baba, ko da korata zai yi. Ina son ki."

Ta rubuta: "Lahadi bayan coci, lokacin kofi. Kada ka zo da allonka."

Gerrit bai amsa gaisuwarsa da kyau ba. Ya turo masa takarda da alƙalamin tawada.

"An ce kai mai zane ne. Zana kujerar da kake kai."

Emmett ya ɗauki alƙalamin ya fara. Da ya zo ƙafar baya, layin ya karkace. Bai san lokacin da ya buga takardar da yatsu biyu ba, yadda yake yi wa allonsa in yana son layi ya ɓace. Ya sake bugawa.

"Me kake ƙwanƙwasawa, yaro? Babu kowa a ciki."

Lenora ta toshe baki don kada dariya ta kufce mata. Kunya ta rufe Emmett, amma bai nemi wata takardar ba. Ya ja sabon layi a gefen karkataccen, ya ci gaba har ya gama.

"Na ga ka bar karkataccen a wurin," in ji Gerrit.

"Ba ya goguwa, yallaɓai. Kuma shi ya nuna mini inda ƙafar take."

Tsohon ya juya kofinsa. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa, idonsa na kan 'yarsa.

"In ka ɗauke ta, ni da wa zan sha kofin Lahadi?"

Sai a lokacin Lenora ta gane abin da ke cin sa. Ta riƙe hannunsa. "Haba, Baba."

"Yallaɓai," Emmett ya ce, "ka ga dai ƙafar kujera ma ban iya ba. In ba kai ba, wa zai koya mini?"

Gerrit ya share ido da bayan hannu. "Kai, wannan koyarwar za ta ci shekaru."

A watan Yuni aka ɗaura auren. Gerrit ne ya rako ta har gaban coci, ya sa hannunta cikin na Emmett, ya ɗora nasa a kai.

"Ubangiji ya albarkace ku, 'ya'yana," ya ce, kuma sai da limamin cocin ya yi gyaran murya kafin tsohon ya sake su.