Faifan Baiwa

Baiwa ta kwashe ɗan tuwon dusar da ta tuƙa, ta ajiye gaban mijinta, ta koma bakin murhu ta zauna kamar wadda ta ƙoshi.

"Ke ba za ki ci ba?" in ji Isufu.

"Na ci a tukunya, Maigida."

Ya san ba gaskiya ba ne. Shekara goma sha takwas suna tare, ko tarinta ya san ma'anarsa.

Isufu falke ne, ɗan falke. Jakuna tara gare shi, yana kai kanwa Kano ya dawo da tufafi, har shekarar da kumandan ya aiko aka kwashe jakunan Matameye don ɗaukar kayan Nasara. Ko igiyarsu ba ta dawo ba. Ga shi ya haura arba'in, gwiwa ta fara ciwo, ba gonar kirki, 'ya'ya ukun da Allah ya ba su duk sun riga su gidan gaskiya. Abu biyu suka rage masa a duniya: Baiwa, da tsohon gurmin da yake kaɗa wa abokan tafiya a zango.

"Inusa makaɗi ya sake tare ni," ya ce, idonsa a ƙasa. "Wai in riƙa bin sa gidajen biki. Wai wanda ke da hannu irin nawa bai kamata ya kwana da yunwa ba."

Baiwa ta dubi gurmin. Da gurmin nan ya sace zuciyarta a bayan dangarsu a Damagaram, ba ta manta ba. Amma kiɗan nishaɗi daban, kiɗan sana'a daban. Duk wanda ya miƙa hannu ya karɓi kari, kuɗin wurin nan da ake ba makaɗa, ya zama maroƙi ke nan, shi da gidansa. Ita kuwa 'yar attajirai ce.

Magana ba ta kwana a Matameye. Kafin kasuwa ta zagayo sai ga yayanta Abdulra'uf ya sauka daga doki, ya jefar da buhun gero a tsakar gida, ko tabarma ya ƙi hawa.

"Isufu, ashe abin da na ji gaskiya ne? Roƙo? Ƙanwata za ta ci tuwon roƙo?"

"Ban yanke ba tukuna. Amma duba gidan nan mana!"

"Na duba! To ka ji: na rantse da Allah, ranar da hannunka ya karɓi kari, ranar zan ɗauke ta in kai gaban alƙali a raba auren!"

"Yaya, don Allah..."

"Rufe mini baki!"

Bayan ya tafi Isufu ya daɗe zaune da gurmin a cinyarsa. Ya auna, ya sake aunawa. In ya bi Inusa za su ci, amma ba Baiwa. In ya ƙi, ga Baiwa, ga yunwa. Ya zaro wuƙa ya tsinke tsirkiyar gurmin, ya rataye shi a bayan rumbu.

"Ke na zaɓa," ya ce. Ta fashe da kuka, ba kuma na daɗi ba ne.

Daga nan ya shiga ƙwadago a gonakin mutane, har ƙauyen Icirnawa yake zuwa da ƙafa. Sai ya dawo gwiwa a kumbure, da ɗan abin da bai isa kunu ba. Geron Abdulra'uf ya ƙare, wani bai zo ba. Abin da ya fi yunwar ciwo shi ne shirun. Mutumin da a da ko ruwa zai sha sai ya yi barkwanci, yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba. Wani lokaci Baiwa takan ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa, da ya lura tana kallo sai ya dunƙule hannun. An bar mata miji, amma wallahi ba mijinta ba ne wannan. Tausayinsa ya hana ta sakat.

Da kaka ta yi aka sa bikin 'yar wani dillali a unguwarsu, Abdulra'uf kuma yana cikin manyan baƙi. Da hantsin ranar Baiwa ta shigo da gurmin, an ɗaura masa sabuwar tsirkiya. Ita ta kai wa Inusa a ɓoye.

"Tashi mu je, Maigida."

"Kin haukace? Rantsuwa fa ya yi!"

"Na ji rantsuwar, ai ina wurin. Kai dai kaɗa, kada ka miƙa wa kowa hannu."

A ƙofar gidan biki Isufu ya zauna gefen Inusa. Da yatsunsa suka taɓa tsirkiya sai wurin ya yi tsit. Tsofaffin fatake suka tuna jakunansu da hanyar Kano, wasu suka share ido da bakin rawani. Ango ya taso da kuɗin wuri cike da tafinsa. Abdulra'uf ya miƙe tsaye, ido ja, yana jira.

Sai Baiwa ta ratsa mata, ta durƙusa gaban ango, ta tara faifai.

"Zuba nan, ranka ya daɗe."

Ango ya zuba kuɗin, kowa ya ji ƙararsu. Ta juya ga yayanta, hawaye na bin fuskarta.

"Hannunsa ka ce, Yaya. Hannunsa bai karɓa ba. Ni na karɓa. In akwai maroƙi a gidanmu, ni ce."

Abdulra'uf ya dube ta. "Daga yau ba ni da ƙanwa," ya ce, ya hau dokinsa.

Haka kuwa aka yi. Shekara bakwai ba wanda ya tako daga Damagaram. Mahaifiyarta ta rasu, a bakin 'yan kasuwa ta ji. Matan da take zama da su suka daina matsa mata tabarma. Ta yi kuka har ta gaji, amma duk inda Isufu ya kaɗa tana nan da faifanta, kuma ba su sake kwana da yunwa ba.

Wata rana da la'asar wani mutum ya yi sallama, ƙafa duk faso, riga a yage. Abdulra'uf ne. Shi ma an kwashe raƙumansa, a ƙasa yake tafiya Kano neman abin yi. Baiwa ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo tuwo. Ya kai loma uku kafin ta yi magana.

"Yaya, tuwon roƙo ne fa."

Hannunsa ya tsaya. Hawaye ya ɗiga cikin akushin.

"Ƙaro mini miya, ƙanwata."

Kada mutum ya raina sana'ar da ta rufa wa wani asiri, don bai san ranar da za ta ciyar da shi ba. Baiwa ta yi haƙuri, ta biya da tsada, Allah kuma ya bar mata mijinta, ya dawo mata da yayanta har tabarmarta.