Ranar da Aku Ta Yi Shiru

Akwai wata yarinya da ake kira Aku, saboda bakinta ba ya hutawa. Ko barci take yi sai ta yi magana. Tana zaune da Ummanta a gidan haya mai ɗaki biyu da falo. Umma tela ce, keken ɗinkinta yana falo kusa da taga.

Ɗaki ɗaya nasu ne, ɗayan na Anti Nas, mai aiki a asibiti. Umma da Anti suna raba kuɗin haya, kowa rabi. Aku kuwa tana son Anti ba kaɗan ba. Ita ke yi mata kitso, ita ke koya mata lissafi.

Wata safiya Umma ta fita sayen zare. Sai ga Anti ta fito da jaka tana sauri.

"Aku, zo nan," in ji ta. "Zan tafi kwas na 'yan kwanaki, ga wayar Ummanki ta lalace. Yau mai gidan nan zai zo a sabunta haya. Ki ce mata kada ta sa hannu sai na dawo. An canza mini wurin aiki, wata mai zuwa zan tashi."

"Ki tashi? To wa zai yi mini kitso?"

"Ke, ji yarinya! Kitso ne damuwarki? Ki dai faɗa mata."

Anti ta fita. Aku ta zauna a bakin ƙofa, ranta a ɓace. Can sai wata dabara ta faɗo mata. "Idan Umma ta sabunta hayar, ai dole Anti ta zauna!" Nan take ta ji kamar ta fi kowa wayo a duniya.

Da yamma mai gidan ya zo da takarda. Dattijo ne mai fara'a, kowa Baba yake ce masa.

"Ina abokiyar zamanki?" ya tambayi Umma.

"Ta yi tafiya, Baba. In ta dawo za ta sa nata."

Umma ta sa hannu, hayar shekara guda. Aku tana tsaye, ta kama bakinta gam.

"Ikon Allah!" in ji Baba. "Yau Aku ba ta magana? Ko haƙori ne?"

Aka yi dariya, har da ita.

Amma ina Aku ina riƙe magana! Washegari a makaranta ta je ta kwashe labarin kaf ta faɗa wa Malama, tana jira a yaba mata.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Antin taki ta sa hannu?"

"A'a, Malama."

"To babu abin da zai hana ta tashi. Wanda ya sa hannu shi ya ɗauki nauyi. Yanzu hayar gidan gaba ɗaya tana wuyan Ummanki, da rabinta da rabin Anti."

Aku ta ce, "Wayyo, Malama! Yaya zan yi?"

"Ki je ki faɗa mata gaskiya yau ɗin nan."

Aku ta isa gida da gudu. Tana kuka ta faɗa wa Umma komai. Umma ta cire ƙafarta daga kan keke.

"Haba, 'yata," ta ce a hankali. "Rabin ma da ƙyar nake haɗawa. In ba mu sami mafita ba, sai dai in sayar da keken nan."

Aku ta san da keken suke ci, da shi ake biya mata kuɗin makaranta. Kunya ta kama ta sosai.

Da Anti ta dawo, Aku ta durƙusa ta ba ta haƙuri. Anti ta ɗaga ta.

"Na san don kina sona ne. Amma so ba ya sa a ɓoye saƙo. Ni ma da laifina, babbar magana na bar wa yarinya."

Suka ɗunguma su uku zuwa wajen Baba. Ya saurare su, ya shafa gemu.

"Hannu dai an riga an sa," ya ce. "Amma ku kawo mini wata mutuniyar kirki kafin Nas ta tashi, sai in sa sunanta a takardar."

Tab! Ai sai bakin Aku ya sami aiki. Ta faɗa wa mai shago suna neman abokiyar haya. Ta faɗa wa mai gyaran takalmi. Duk wadda ta kawo ɗinki, kafin a gwada ta, ta ji labarin ɗaki.

Ana gab da ƙarshen wata, sai ga wata ma'aikaciyar banki ta zo ganin ɗakin. Aku ta shige gaba.

"Anti, bari in faɗa miki gaskiya. Famfon nan yana ɗiga. Zakaran maƙwabta ba shi da agogo, ko da rana cara yake yi. Ni kuma ina da surutu."

Umma ta dafe kai. Matar kuwa ta yi dariya har da hawaye.

"Na ga gidaje da yawa, ba inda aka faɗa mini aibin gida sai nan. Na karɓa, har da mai surutun!"

Baba ya kawo sabuwar takarda. Umma ta sa hannu, Antin banki ma ta sa nata. Aku ta yi ta tsalle a falo, har ta kusa ture almakashi.

Ranar da Anti Nas za ta tafi, Aku ce ta ɗaukar mata jaka har bakin mota. Ta yi ɗan kuka, amma ta ɗaga mata hannu da murmushi.

Suna komawa ciki Umma ta hau kekenta, ta ce, "To, me kika koya?"

"Saƙo amana ne, Umma. In an ba ni, zan isar da shi ko da ba ya yi mini daɗi."

"Madalla. Miƙo mini jan zaren can, aiki na jiranmu."