Muryar Da Aka Cire Wa Talabijin

Yatsanta ya riga tunaninta. Kafin Malama ta ankara ta danna maɓallin, allon ya yi baƙi, falon ya yi tsit kamar ajin da hedimasta ya shigo.

Inna ta juyo a hankali, rimot a cinyarta.

"Ke... me kika yi?"

"Ki yi haƙuri Inna. Na ga abin da ake nunawa bai dace da yarinya ba, ga ta har hancinta yana taɓa gilashin..."

"A gidana?"

Malama ta sunkuyar da kai. Yau ne zuwanta na farko wurin mahaifiyar mutumin da take shirin aura. Ta daɗe a durƙushe tana gaisuwa ana amsa mata da "uhm", saboda matar cikin shirin ta kama mijinta da wasiƙa. Shekara shida tana koyar da aji biyu, hannunta ya saba kashe duk abin da ke ɗauke hankalin yara. Yau kuwa ya ja mata.

Anti Tela, maƙwabciyarsu kuma abokiyar kallon Inna, ta taɓe baki. Kowa a layin ya san ɗinkin da take yi wa Inna kyauta ba don lada kaɗai ba ne, ɗan Innar take so.

"Tun ba a shigo ba ke nan, Inna."

Jikar Inna, 'yar mutumin da Malama za ta aura, tana zaune a ƙasa tana kallon baƙin allon. Shekararta bakwai, Aku ake ce mata, don babu tallan da ba ta haddace ba har da muryar mai tallan. Amma a ajin Malama ko sunanta aka rubuta sai ta yi zuru.

"Ranar da uwar yarinyar nan ta rasu," in ji Inna, "kina ina? Wata uku tana kuka tana leƙa ɗakuna. Akwatin nan ne ya taya ni raino. Shi za ki zo ki kashe? Tashi ki tafi. Kuma ki gaya wa wanda ya turo ki ban amince ba."

Malama ta fito da takalminta a hannu, hawaye cike da idonta.

Washegari da aka tashi makaranta ta biya shagon ɗan Inna. Injiniya ake kiransa, ko da yake injin da ya sani bai wuce cikin talabijin ba. Ta tarar da shi tsakanin akwatuna buɗaɗɗun baya, ƙarfen dalma a hannu, hayaƙi siriri yana tashi.

"Malamata. An ce jiya kin ɗauke wa gidanmu wuta."

"Wasa ma kake yi ko?"

"To kuka zan yi? Ni ma da nake gyara shi ban isa in kashe shi ba."

"Ta ce ba ta amince ba." Ta zauna a kan benci. "Kuma ba zan shiga gidan da uwarka ba ta so na ba, ka san haka. Amma Aku fa? Awa biyar kullum a gaban allo. Yarinyar nan tana da kai, wallahi tana da kai, ba ta dai taɓa jin tana buƙatar karatun ba ne."

Ya ajiye ƙarfen. Ya daɗe yana kallon wani talabijin da ke aiki a kan kanta, baki na motsi babu murya, rubutu yana wucewa a ƙasa.

"Buƙata..." ya maimaita a hankali.

"Me kake tunani?"

"Ke nake tunani, hasken idona. Kullum ke."

"Maƙaryaci."

Ta yi dariya ba ta shirya ba, kuma a ranar haka ya isar mata.

Sati biyu bayan nan Aku ta tsaya a gaban teburin Malama lokacin hutun tara, da 'yar takarda a dunƙule. An zana haruffa a karkace, wasu sun juya baya.

"Malama, mene ne wannan?"

Malama ta karanta. Cin amana.

"Ina kika samo wannan kalmar?"

"Talabijin ɗinmu ya daina magana. Baba ya ce abin gyaran bai iso ba. Sai rubutu a ƙasa. Kaka ba ta iya karatu ba, ni take tambaya me suka ce, kuma rubutun gudu yake yi." Ta tura baki. "Jiya na ce mata matar ta ce tana jin yunwa, ashe saki ta nema."

Malama ta danne dariyarta, ta jawo kujera.

Daga ranar kullum da takardarta take zuwa. Rabon gado, asiri, kotu, shaida, kalmomin da babu su a littafin aji biyu. Malama ta riƙa raba mata su gaɓa-gaɓa, tana sulalo mata na littafin a tsakani. Kafin wata ya cika Aku ta karanta shafi guda a gaban aji ba ta tsaya ba, da muryar mai tallan sabulu. Malama ta juya ga allo kamar za ta goge wani abu, don kada yara su ga idonta.

Da yamma ta tsare Injiniya a shago.

"Kai da ake kawo wa talabijin daga unguwa uku, naka ne ya gagare ka?"

Ya sa yatsa biyu a aljihun rigarsa, ya zaro wata 'yar waya ja da ba ta kai tsawon ashana ba.

"Ga muryarsa nan."

"Innalillahi... Ƙarya ka yi wa Inna?"

"Aro na yi. Zan mayar."

"In ta gane ni za ta ɗora wa, ka sani."

"Ba za ta gane ba, zuciyata."

Daɗi da tsoro suka haɗu mata wuri ɗaya. Tana son mutumin nan har ba ta san yadda za ta yi fushi da shi ba.

Anti Tela ce ta gaji da kallon kurame. Ran nan Injiniya yana shago ta kawo wani mai gyara daga bakin kasuwa. Mutumin ya kwance bayan akwatin, ya leƙa, ya ce babu abin da ya ƙone, hannu ne ya cire waya. Ya sa wata, murya ta dawo. Kafin la'asar duk layin ya ji cewa Malama ce ta kitsa, ta juya ɗa har ya yaudari uwarsa.

Kwana uku bayan haka Inna ta aika a kira ta.

Malama ta shiga da sallama. Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa ya rasa inda zai sa hannunsa. Anti Tela ta ci ado ta zauna kusa da Inna. Aku tana gefen kakarta, talabijin a kashe.

"An ce ke kika sa shi."

"Ban sa shi ba, Inna. Amma na sani daga baya, kuma na yi shiru. Ki yafe mini."

"Kin ji ko?" in ji Anti Tela. "Da bakinta."

Inna ba ta ko kalle ta ba. Ɗanta ta harara.

"Kai kuma. Yana ɗan shekara goma ya gyara rediyon babansa da cokali. Shi ne zai ce mini sauti ya gagare shi wata biyu? Tun satin farko na gane."

Injiniya ya sosa ƙeya.

"Me ya sa ba ki yi magana ba, Inna?" Malama ta tambaya a hankali.

"Saboda yarinyar nan ta dawo jikina." Ta ɗora hannu a kan Aku. "Shekara uku muna zaune ɗaki ɗaya, bayanta kawai nake gani. Da muryar ta tafi sai ga ta a cinyata, tana karanta mini, muna musu, muna dariya. In shirin ya ƙare ita da kanta take kashewa, wai bakinta ya gaji. Kwana ukun nan da aka gyara? Ta koma gaban gilashi, baki buɗe. Na kira ta sau uku ba ta ji ba." Ta ja tsaki. "Kuma ashe muryar matar ma ba daɗi. Ta jikata ta fi."

Anti Tela ta tuna ta bar ɗinki a kan keke. Babu wanda ya tsayar da ita.

"Ɗauko abin kwance naka," Inna ta ce wa ɗanta.

Bai ɗauki minti biyu ba ya sake cire muryar talabijin ɗin. Ya miƙa wa Inna sabuwar wayar, ita kuma ta kamo hannun Malama ta saka mata a tafi, ta naɗe yatsunta a kai.

"Riƙe, 'yata. Ranar da kika ga ya kamata akwatin ya yi magana, ki mayar masa. Amma in ana shirina kada ki ƙara taɓa mini maɓalli."

"Ba zan ƙara ba, Inna."

"Matso nan, lokaci ya yi."

Aka kunna. Aku ta haye cinyar kakarta, ta gyara murya. A allon wani mutum ya tsaya a gaban wata mata, bakinsa yana motsi, rubutu ya fito a ƙasa. Aku ta bi shi da yatsa.

"Za... ki... au-re... ni?"

Injiniya ya yi tari. Malama ta ƙura wa tafin hannunta ido, kunya kamar ta nutse.

"To, me ta ce?" in ji Inna.

"Kaka, rubutun bai fito ba tukuna."

"Ba da waccan nake ba."