Sabon Rim a Ƙafar Baya

Akwai wata yarinya da 'yan gidansu ke kira Auta. Tana da keke mai manyan tayoyi, irin na hawan tudu da duwatsu. Yarinya ce mai ƙwazo, amma kai, akwai ta da gaggawa!

Wata rana ta gangaro daga tudu a guje, ta yi karo da dutse. Ita ba ta ji ciwo ba, amma rim ɗin ƙafar baya, wato zagayayyen ƙarfen da taya ke zama a kai, ya lanƙwashe. Ga shi ranar Asabar 'yan ajinsu za su hau keke zuwa kan tsauni. Malam kuwa ya riga ya ja musu kunne.

"Duk keken da ƙafarsa ke rawa, a gida zai zauna," in ji shi.

Baba ya sayo sabon rim. A gareji, ya ɗaure shi a jikin tsohon da igiya.

"Kin ga siraran wayoyin nan? Su ke haɗa rim da tsakiyar ƙafa," in ji Baba. "Ki riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, kina mayarwa a sabon. Amma ki bar su sako-sako har na dawo."

"To, Baba."

Auta ta mayar da wayoyin tsaf, ta kwance tsohon rim. Sai ta ga jiran Baba ɓata lokaci ne. Ta ɗauki ɗan ƙaramin sifana, ta ɗaure waya ta farko tamau. Ta ɗaure ta biyu, ta ɗaure ta uku. Kafin ta zagayo ɗaya gefen, sifana ya ƙi juyawa.

Ta sa ƙafar a keke, ta juya. Wayyo! Rim ɗin sai karkacewa yake, yana gogar birki.

Mama ta leƙo. "Auta, gyaran keke kike, ko rawa kike koya masa?"

Auta ba ta yi dariya ba. Hawaye ne ya cika mata ido. Tana cikin haka Baba ya shigo.

"Wa ya ɗaure wayoyin nan?"

"Ni ce, Baba. Ka yi haƙuri."

Baba ya tsuguna. "Wayoyin nan ja-in-ja suke yi. Wasu na ja dama, wasu hagu. Kin ƙarfafa wasu, sai suka janye rim ɗin wajensu. Kawo in gyara."

Auta ta share ido. "A'a, Baba. Ni na ɓata, ni zan gyara. Ka dai nuna mini."

Ta sassauta wayoyin duka. Baba ya nuna mata ramin bakin hura iska, ya ce daga nan za ta fara. Kowace waya ta ɗan murɗa kaɗan, ta wuce zuwa ta gaba. In ta zagayo, ta sake.

Yatsunta suka yi zafi. Ƙawayenta suka zo kiranta wasa, ta ce su je kawai. Washegari ta dawo daga makaranta, ta ci gaba. Takan riƙe alli kusa da rim, ta juya ƙafar. Inda alli ya taɓa, nan take gyarawa. A hankali rawar ta ragu, har ta daina.

Ranar Asabar Malam ya ɗaga bayan keken, ya juya ƙafar. Auta ta zuba ido. Ƙafar ta yi ta juyawa sumul, ko ƙara babu.

"Madalla! Wa ya haɗa wannan?"

"Ni ce, Malam. Sau biyu na haɗa ta."

Malam ya yi dariya, ya ce ta shiga layi. A ranar, Auta ta hau har kan tsauni tare da 'yan ajinsu, bakinta ya ƙi rufuwa don murna.

Tun daga nan ta gane cewa aiki mai kyau yana son haƙuri da bin umarni. In kuma ka yi kuskure, ka tsaya ka gyara da hannunka.