Sista Ba Ta Tashi Aiki Ba

"Saki hannuna, Sista!"

Ta ɗago a razane. Tun da suka yi aure bai taɓa kiranta da wannan sunan fuska a ɗaure ba. Sista sunan asibiti ne. A gida Gimbiya ce, in kuma tsokanarsa ta motsa ya ce Dakta mai jiran gado.

"Me na yi kuma, Malam?"

"Me kika yi? Dubi yatsunki."

Ta duba, sai kunya ta rufe ta. Hannunsa ta kama da niyyar lallashi, amma yatsunta biyu sun riga sun zame zuwa wuyan hannun sun danne jijiya, idonta kuma na kan agogon bango. Bugun zuciyarsa take ƙirgawa, kuma wallahi ba ta san ta fara ba.

"Wato ko faɗa ba zan yi da matata ba sai an auna ni?"

"Ba haka ba ne, ranka ne ya ɓaci, kuma likita ya ce..."

"Likita ya ce! Likita ya ce! Shi likitan ne ya ce ki ajiye karatunki ban sani ba?"

Ai dama ta san ranar wanka ba a ɓoye cibi, sai dai ba ta zaci ta wannan hanyar asirin zai tonu ba. Farfesar da ke duba bincikenta ce ta zo gidan yi masa sannu da jiki lokacin Sista tana bakin aiki. Baiwar Allah, ta zaci shawara ce ta miji da mata, har tana ba shi haƙuri a kan ƙoƙarin da zai tafi a banza.

Sista ta fi shekara goma sha biyar tana aikin jinya. 'Yan matan da ta koya wa neman jijiya da ɗaura ruwa yau su ke riƙe da ɗakunan marasa lafiya. Da ta ce tana son digiri na uku, don ta koyar da masu tasowa kuma bakinta ya kai inda ake tsara aikin jinya, Malam ne ya fara miƙewa tsaye. Malamin makaranta ne, ya san daɗin karatu. Shi ke kai yara makaranta, shi ke ƙona musu abinci in tana jarrabawa, shi ke zama yana sauraronta tana bitar abin da za ta faɗa a gaban malamai har ya fara gyangyaɗi.

Saura mata zango biyu kacal na karatu, amma dole sai ta tafi babban asibitin koyarwa a wani gari mai nisa ta kammala binciken. Ana cikin shirin tafiyar ciwon zuciya ya kayar da Malam. Allah ya tashi kafaɗunsa, har ya koma aji yana koyarwa. Ita ce dai ba ta warke ba.

Gida ya koma asibiti. Abin awon jini ya samu wurin zama a kan teburin cin abinci. Gishiri ya yi ɓatan dabo. In Malam ya yi tari ta miƙe tsaye, in ya daɗe a banɗaki ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ranar da ta ce wa Farfesa ta haƙura da karatun, a ɗakin ajiye magunguna ta ɓuya ta daɗe tana kallon bango, don Allah ya sani tana son digirin nan kamar ranta. Farfesa ta ce gurbinta na nan har a dawo daga hutu. In ta wuce haka, sai dai wata ta maye.

"Ni na yanke shawarar, kuma ban yi nadama ba," Sista ta ce masa a hankali.

"Ƙarya kike, Gimbiya. Kin manta ni ne mijinki?"

Hayaniyar ce ta fito da Inna, mahaifiyarsa, wadda ta tare a gidan tun da ya kwanta ciwo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi.

"Kai kuma lafiya kake ɗaga murya da ciwo a ƙirji? Yarinyar nan ta yi abin da 'yar halak za ta yi. Karatu gudu yake? Miji fa, in ya tafi a kasuwa za ta sayo wani?"

"Inna, don Allah..."

"Kar ka don Allah ni! Ni har yau ban ma gane kan karatun ba. An ce in ta gama dakta za ta zama, an kuma ce ba likita ba. To daktan me? Ba yanka, ba ɗinki?"

Da a wata rana ce da dukansu sun yi dariya. Yau kuwa Malam ya sa takalminsa ya fice, Sista ta bi bayansa da ido tana lissafin ko ya ɗauki maganinsa.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Yana shan magani in ta miƙo, yana ba da hannu in za ta auna, amma hira ta ƙaura. Inna na ta sa mata albarka, ita kuwa kowace albarka sai ta ji ta kamar an ƙara mata dutse a ka. Ga hutun makaranta na ta ƙarewa.

Rannan da la'asar Sista tana asibiti tana miƙa aiki ga masu karɓarta, suna bin gadaje ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. A kowane gado ta tsaya ta faɗi abin da ya kawo mutum, abin da aka ba shi, da abin da za a sa wa ido. Mai karɓa ta maimaita, ta yi tambaya, sannan ta ce ta karɓa. Da suka gama ta wanke hannu, wata nas ta yi wata barkwanci, Sista ta tuntsure da dariya. Juyowar da za ta yi sai ga Malam a bakin ƙofa, ya harɗe hannu yana kallonta.

Ta nufo shi da sauri.

"Lafiya? Ƙirjin ne?"

"Matata na zo ɗauka. Ko shi ma sai da izinin likita?"

A mota, da suka kusa gida, ya dube ta.

"Rabon da na ji wannan dariyar tun kafin na kwanta."

Ta sunkuyar da kai.

"Na ga tsohon nan na gadon ƙarshe, jikinsa ya fi nawa tsanani nesa ba kusa ba. Amma kin miƙa shi kin taho, ko waiwaye ba ki yi ba. Ba ki damu da shi ba ne?"

"Haba Malam! Na damu mana. Amma ai na bar shi a hannun wadda na yarda da ita. Nas ɗin da ba ta miƙa aiki ita ke kashe mara lafiya, don gajiya za ta sa ta yi kuskure."

"Madalla," ya ce, ya kashe motar. "Tun ranar da aka kai ni asibitinku kike bakin aiki, masoyiyata. Ba ki tashi ba har yau. Shigo ki miƙa ni."

Ta zaci wasa yake. Sai ga shi ya wuce ɗaki, ya haye gado ya jingina da filo, ya nuna mata wajen ƙafafunsa.

"Nan na ga kina tsayawa."

"Malam, ka bar wasan yaran nan. Wa zai karɓa?"

"Ni."

"Mara lafiya ba ya karɓar kansa!"

"Au haba? To binciken da na yi ta gyangyaɗi a kansa fa? Ba ke ce kike son nuna wa duniya cewa a koya wa mai ciwon zuciya riƙe kansa ba, maimakon a mai da shi jariri? Ko mazan mutane kawai kike nufi?"

Mutumin nan ya ɗaure ta da igiyarta. Ta ja tsaki, ta tsaya inda ya nuna, ta ɗauko muryar asibiti.

"Namiji ne, magidanci, malamin makaranta. Ciwon zuciya ne, yana samun sauƙi. Farar ƙwayar da safe bayan ya karya, ƙaramar da yamma. Ba a tsallakewa ko da ya ji garau."

"Fara da safe, ƙarama da yamma, ba fashi. Ci gaba, Sista."

"A rage gishiri. A dinga tafiyar ƙafa, amma ban da ɗaukar kaya mai nauyi." Ta harare shi. "Kuma mara lafiyar ɓarawo ne. In ya fita da abokai yana satar cin nama mai kitse, ya goge baki ya zaci ba a sani ba."

"Innalillahi! Wa ya kai rahoto?"

"Rigarsa ce ke kai rahoto."

Ya yi dariya har da buga cinya, ita ma murmushi ya suɓuce mata. Sai dai da ta zo kan abin da za a sa wa ido, muryar ta fara sauka.

"Ba ya faɗa in yana jin ciwo. Sai dai ka ga yana shafa kafaɗar hagu yana cewa iskar fanka ce. In ya yi haka, ko ƙirji ya riƙe, ko zufa ta keto masa ba dalili... a sa masa ƙwayar ƙarƙashin harshe, a nemi mota. Kar ya tuƙa kansa. Kar a ce bari a ga safiya."

Wannan karon bai yi wasa ba. Ya maimaita kalma bayan kalma, ya tambaye ta inda ƙwayar take, ta nuna masa, ya ce daga yau a aljihunsa za ta zauna.

"Saura tarihin yadda aka kawo shi," ya ce a hankali. "Na ji kina faɗa a kowane gado."

"Wannan ba dole ba ne."

"Mai karɓa ne ya tambaya."

Ta kawar da kai ta fara.

"An kawo shi sashen gaggawa da rana, ina bakin aiki. Mutane sun rufe gadon, ban ga fuska ba... ƙafa na gani. Takalmi ɗaya ya faɗi a hanya, ɗayan kuma... ɗayan ni na goge shi da safe. Na ce kowa ya matsa. Ni na nemi jijiya, ni na ɗaura ruwa. Hannuna bai yi rawa ba, Malam, har yaba min aka yi! Ina kiranka da mara lafiya, don na san in na kira ka da mijina faɗuwa zan yi... In na tafi abin ya dawo fa? In aka kai ka ba na nan fa?"

"Waɗanda kika koyar suna nan. Allah ma yana nan, Gimbiya, ba ya tafiya karatu." Ya miƙe zaune sosai. "Ni ma ina tsoro, kar ki zaci ba na ji. Amma na fi tsoron na rayu ina kallonki kina mutuwa a tsaye saboda ni. Akwai sauran bayani?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

"To na karɓa."

Wata shessheƙa suka ji daga bakin ƙofa. Ashe Inna ta daɗe a tsaye, tana share ido da gefen mayafi.

"Ja'iran yara, kun sa ni kuka da tsufana." Ta dubi Sista. "'Yar nan, ashe wannan kayan kike ɗauke da shi ni ina ta ƙara miki? Je ki ki zama daktan ko na mene ne. Magani shi ya karɓa, amma gishiri da naman sata ku bar min. Ni na haife shi, na san maganinsa!"

Ta ja musu ƙofa ta tafi tana mita.

Sista ta tsaya a tsakar ɗaki hannu sake, kamar wadda ta manta hanyar gida.

"To yanzu me zan yi?"

"Abin da matan mutane ke yi in an kai mazansu asibiti. Ke ba ki samu yi ba." Ya buɗe mata hannuwa. "Zo nan, zuciyata."

Ta faɗa ƙirjinsa ta fashe da kuka, kuka mai sauti irin wanda take hana 'yan'uwan marasa lafiya yi a bakin ɗaki. Bai ce ta yi shiru ba. Ya bar ta ta yi mai isarta, yana shafa bayanta, nasa hawayen na sauka a kan ɗankwalinta.

Sai da ta lafa ya laluba ya ɗauko wayarta, ya nemo lambar Farfesa ya danna, ya kara mata a kunne tun kafin ta ce wani abu. Ana ɗauka ta dube shi, ya gyaɗa mata kai.

"Farfesa... ni ce," ta ce, murya a dashe. "Don Allah kar a ba wa kowa gurbina. Ina nan tafe."