Tudun da Ya Yi Gyatsa

Da la'asar sakaliya muka bar ofis, ni da Baba direba, don duba bareyi goma sha biyun da muka saki makon jiya. Ni ce mai taswira a ofishin kula da namun daji, kuma ni na zaɓa musu wurin. Na zuba wa kwamfuta bayanan tudu da kwari, ruwa da inuwa, sai ta shafa wa wani ɗan tudu kore shar. Babu gida, babu maharbi, ko zomo babu. Na yi ta murna, ban tambayi kaina abin da ya sa wuri mai kyau haka ya zama wayam ba.

Kowace barewa da na'ura a wuyanta mai nuna inda take. Kwana uku ke nan duk suna wuri guda, ba motsi, kuma na'urorin na cewa suna mita takwas a ƙarƙashin ƙasa. Oga ya ce shirmen na'ura ne, gobe a kai sauran ashirin ɗin da ke killace a bayan ofis. Na ce bari dai in gani da idona.

Wari ne ya fara tarbar mu, irin na firjin nama da ya kwana bakwai ba wuta. Baba ya toshe hanci da hularsa.

"'Yata, mu duba daga nan mana."

"Yanzu zan dawo, Baba."

Na fara hawa. Ƙasar da laushi, da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Duk inda na taka sai yauƙi ya biyo takalmina. Ciyawar kuwa da na duba da kyau, ba ciyawa ba ce, gashi ne mai maiƙo.

Babu kukan tsuntsu. Babu ko ƙuda ɗaya, duk da ɗoyin nan.

Sai ƙasa ta yi ƙugi a ƙarƙashina.

A gabana ta tsage. Gyatsa ta fito, mai tururi da tsami. Bayanta na'urorin wuya suka zubo ɗaya bayan ɗaya, jage-jage da miyau, fitilunsu na ƙyaftawa. Guda goma sha biyu. Ɗaya da guntun kunne manne a jiki.

Na yi amai a tsaye.

Wata murya ta yi raɗa, jiƙaƙƙiya, irin ta mai magana da abinci a baki.

"Sannu da ɗawainiya, jikata. Sauran fa?"

Ƙafata ta nutse har idon sawu. Wani abu mai kaushi ya lashe min diddige, a hankali, yana ɗanɗanawa.

Baba ne ya fizgo ni ta baya, bakinsa ɗauke da addu'a. Takalmin muka bar masa.

Washegari tun kafin Oga ya iso na mayar da koren nan na taswira ja, na rubuta cewa wurin bai dace ba. Aka fasa tafiyar. Na wanke ƙafar nan ya fi a ƙirga, har yau ina ƙyamar taɓa ta.

Bayan mako biyu aka sake auno mana ƙasar yankin. Na buɗe taswira, na tarar da wurin tudun a shafe kamar faranti. Na jawo ta a kwamfuta zuwa daidai inda ofishinmu yake. A jikin shingen bareyin akwai wani ɗan tudu da babu shi a da.

Baba ya leƙo ɗakin, hula a hanci.

"'Yata, na ƙirga su yanzu. Sha tara ne."