Lamba Ɗaya a Ƙofa Biyu

Injiniya Mamuda ya rantse tun da aka kafa garin Funtuwa ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunce shi ba. Hularsa ce ta salwanta, zanna mai ruwan toka, wadda a cewarsa in ya karkata ta har 'yan acaɓa kan tsaya kallo. Zuwaira da Nafi'u, 'ya'yan kawunsa, suna zaune a tabarma bayan isha'i, suka tambaye shi wa ya ɗauka. Ya dubi bakin zaure, ya ce su matso.

Wata Juma'a ce, rana tsaka, wani kamfanin auduga ya kira shi. Intanet ɗinsu tana zuwa tana ɗaukewa. Kowa ya tafi masallaci, har maigadi. Mamuda ne ya ce su je, aikin bai kai ya rasa huɗuba ba. Ya shiga ɗakin na'urori shi kaɗai.

A ciki akwai suwic, wani akwatin ƙarfe mai ƙofofi a jere, kowace waya da ƙofarta. Kowace kwamfuta kuma tana da lambar da ta zo duniya da ita, ana ce mata MAC, ba ta da ta biyu. Aikin akwatin ya san ƙofar da kowace lamba take.

Ya jona laftof ɗinsa a ƙofa ta uku. Gargaɗi ya cika allon: lamba ɗaya tana tsalle tsakanin ƙofa ta uku da ta sha tara. Ya yi tsaki. Ya san cutar, yawanci waya ce ta fita ta zagayo ta dawo. Sai ya ƙura wa lambar ido. Tasa ce.

Fitilar ƙofa ta sha tara tana ƙiftawa a hankali, kamar numfashin mai barci.

Ya bi wayar. Shuɗiya ce, ta fita ta taga, ta bi gindin katanga, ta nufi sito, ta shige kogon wata tsohuwar tsamiya. Babu kukan tsuntsu. Ganye ko ɗaya ba ya motsi. Rana na ƙuna, amma sanyi ya kama shi har ƙashi.

Wani mutum na zaune a gindin bishiyar, ya ba shi baya, da laftof a cinya. Shaddarsu iri ɗaya. Mamuda ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya dubi ƙafafun. Dugadugan ne a gaba, yatsun na kallon baya.

Mutumin ya juyo. Fuskar Mamuda ce, har da wushiryar. Wai abin da ya fi yi masa ciwo, fuskar ta ɗan fi tasa haske.

Leɓɓan suka motsa suka rufe, sannan muryar ta iso.

"Akwatinka ba ya riƙe mutum biyu, Injiniya. Ɗaya zai zaɓa. Wanda ya zaɓa shi zai tafi gida wurin Hanne."

Hanne matarsa ce. Mamuda ya kwasa da gudu, reshe ya fizge hular, bai waiwaya ba.

A ɗakin na'urori lambar tana tsalle har ido bai iya binta. Ya miƙa hannu zai cire wayar, sai ɗakin ya ɓace. Duhu, warin jemagu, ɓawon itace na gugar kafaɗarsa. Yana cikin kogon. Kafin ya buɗe baki ga shi a ɗakin. Sai kogon kuma. Duk sanda lambar ta koma ƙofa ta sha tara, shi ma can yake komawa, kuma kowane zuwa yana fin na baya daɗewa. In aka cire wayar yana can, ya zauna ke nan.

Ya kama Ayatul Kursiyyu. Ya jira. Kogo. Kogo. Da sanyin tayil ɗin ɗakin ya taɓa tafin ƙafarsa, ya cafki wayar ya fizge. Da ɗumi take, kamar wutsiyar dabba. Fitilar ta mutu. Allon ya yi shiru.

Mamuda ya gargaɗi 'yan uwan nasa kada su kuskura su bi waya su kaɗai da rana tsaka, musamman wadda ba su san inda ta nufa ba. Nafi'u ya janye ƙafafunsa daga bakin tabarma. Zuwaira ta tambaya a hankali.

"To Yaya, wa ya kai waya cikin tsamiya tun farko?"

Mamuda ya sosa ƙeya. Ya ce ai ƙasar wurin tauri gare ta, mutum mai shadda irinsa kuma ba zai tsaya haƙa ba, da damina aka ce a kai wa sito waya, ga kogon tsamiya a shirye.

"Ni na zura ta," ya ce. "Ko sallama ban yi wa masu gidan ba."